Indo da rubutun ƙasa

Shekara talatin ke nan cur da Allah Ya karɓi ƙanwata Indo. Ni ban san baƙi ba, ban san fari ba. Faɗa nake ana rubuta mani, don haka mai karatu ya yi haƙuri da bakin tsohuwa.

Gab da Turawa su bar ƙasar nan aka kai Indo aure Dutsin-Ma. Can ta shiga ajin manyan mata, ta yi 'yan watanni, sai ciki ya tsufa, aka maido ta gida Birchi wankan jego, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Malamarsu ta ce mata hannu mantuwa gare shi, in ta kwana biyu ba ta rubuta ba, abin zai gudu. Tsoron da ta zo da shi ke nan, ya fi na haihuwar.

Ta haifi namiji mai kuka. Ni ke hura wutar wanka, Inna ke tsoma ganye tana fyaɗa mata ruwan zafi. Ga kunun kanwa, ga nono ya kumbura, ga yaro ba ya yarda a ajiye shi. Babu takarda a gidanmu, babu wanda ya iya karanta ta ko da akwai. Sai ta riƙa zama bakin murhu kafin ruwa ya tafasa, yaro a cinya, tana zane da tsinke a ƙasa. Kullum. Wata rana layi guda, wata rana barci ya kwashe ta da tsinken a hannu.

Rannan na ce, "Ke Indo, me kike ta tono kamar kaza?"

Ta ce, "Yaya, sunan yaron nan ne."

Inna ta jiyo, ta saki tsintsiya. "La'ilaha! Ɗan fari? Ina kunyarki ta tafi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai ban faɗa ba."

Inna ta share wurin dai. Washegari Indo ta sake rubutawa, Inna ta sake sharewa. Haka suka yi har arba'in, ba wadda ta ɗaga wa wata murya.

Da aka yaye shi, kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Dabawa. Sukunin da Indo ta rasa a da, yanzu ya yi mata yawa. Na je Dutsin-Ma na iske ta ita kaɗai a tsakar gida da fensir guntu, tana cika bayan takardar sukari. Ta ce da yana kuka ta fi samun abin rubutawa.

Yau ina ganin jikokina, jariri a kafaɗa, waya a hannu, suna kiran ɗan fari da sunansa gatsal. Ban sani ba ko Indo za ta yi masu faɗa, ko kuwa sha'awa za su ba ta.

Takardunta gara ta cinye. Amma hannun bai manta ba. Har ciwon ajalinta ita ke rubuta wa matan unguwa saƙo. Ɗan nata kuwa yanzu ya yi furfura. Ranar da muka rufe ta ya zauna kusa da ni ya ce, "Gwaggo, ko sau ɗaya ba ta taɓa kirana ba." Na ce mashi, "Ta kira ka, ɗana. Mu ne ba mu iya ji ba."

Allah Ya jiƙan Indo, Ya haskaka makwancinta.