Baba Mai Farce da Ɗan Akunsa

Duk wanda ya taɓa zama a bencin tashar mota ya san Baba Mai Farce. Tun yana saurayi yake yawo da ƴar jakarsa, yana kaɗa almakashi ƙyas-ƙyas don a ji zuwansa. Direbobi, ƴan dako, ma'aikatan ofis masu tumbi, kowa ya miƙa masa hannu da ƙafa. Abin alfaharinsa ɗaya ne: yana yanke farce har ƙasa, ya bi gefe ya kankare, ba ya barin fari ko kaɗan. Idan ya ga aikin wani mai yankan sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai gaisawa kawai ya yi da farcen."

Matarsa ta rasu ba su samu haihuwa ba, ƴan'uwa kuma kowa ya kama gabansa. Da hannunsa ya fara rawa, ido ya fara hazo, sai masu miƙo ƙafa suka fara janyewa da dabara. "Baba, jiya na yanke." Ƙarya suke yi, ga faratan nan zaƙo-zaƙo yana kallo. Ya rataye jakarsa ya koma ɗakinsa na haya a ƙarshen layi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa riƙe da hannayen jama'a, sai ga shi yana wuni ya kwana babu wanda ya taɓa shi. Wannan ya fi rashin aikin ci masa rai.

Akwai wata malamar makaranta a ɗakin kusa da nasa mai kiwon wani ɗan aku. Da aka canza mata wurin aiki ta kawo masa kejin. Irin ƙananan nan ne, kore mai rawayan kai, bai cika tafin hannu ba.

"Baba, riƙe min shi," in ji ta. "Ka dai kashe fanka kafin ka buɗe masa, ka rufe taga, kuma kar ka bar bokitin ruwa a buɗe."

"Ƴata, ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba?"

"Zai koya maka."

Ba ta dawo ba, shi ma bai yi cigiyarta ba. Ya raɗa wa tsuntsun suna Ɗan Haya. Kullum da safe sai ya kashe fanka, ya ja taga, ya kife bokiti, sannan ya buɗe keji ya miƙa ɗan yatsa. Ɗan Haya ya yi tsalle ya hau, ya damƙe yatsan da ƙafafunsa masu ɗumi, yana ta surutunsa marar kan gado. Baba kuwa yana amsa masa da gaske, har da musu. Wannan damƙar ita ce abin da yake tashi dominsa.

Wata rana da hantsi ya shigo ya tarar da tsuntsun yana reto a jikin gidan sauro, kai a ƙasa, yana fuffuka. Farcensa ne ya yi tsawo ya maƙale a raga. Baba ya cire shi, ya duba ƙafar, sai tsohuwar sana'a ta motsa. A ce a ɗakinsa, ɗakin Mai Farce, akwai mai farce haka? Ya wasa almakashi, ya naɗe tsuntsun a hankici, ya zauna bakin ƙofa inda haske yake. Ya yanke yadda ya saba yi wa mutane, har ƙasa.

Bai san farcen tsuntsu yana da jijiyar jini a ciki ba, kan kawai ake ɗan tsinkewa. Ɗan Haya ya tsala ƙara, jini ya ɓata hankicin. Baba ya ruɗe yana kiran jama'a. Matar makanike, maƙwabciyarsa, ta fito da gudu, ta ɗebo garin fulawa ta danna a kan farcen har jinin ya tsaya.

Ƙafar ta warke. Amma tun daga ranar, da Baba ya miƙa yatsa sai tsuntsun ya yi fir ya haye ƙarfen labule, ya karkata kai yana kallon hannun. Baba ya yi lallashi, ya zuba masa tsaba a tafin hannu, ya ba shi haƙuri da baki kamar mutum. Duk a banza.

Ya tafi kasuwa wurin mai sayar da tsuntsaye ya faɗa masa damuwarsa.

"Wannan mai sauƙi ne, Baba. Rage masa dogayen gashin fiffike, duka biyun daidai, kar ka taɓa sabon gashi mai jini. Ba zafi zai ji ba. Idan ya kasa hawa sama, ina za shi? Dole ya zauna a hannunka."

Baba ya dawo ya ɗauko almakashin. Ya daɗe yana jujjuya shi, tsuntsun yana can sama yana gyaran gashi. Dabarar za ta yi aiki, ya sani. Sai dai kalmar nan "dole" ta tsaya masa a rai. A dā babu wanda ya tilasta wa Ɗan Haya, da kansa yake saukowa, kuma abin da Baba yake kewa ke nan.

Ya fita ya miƙa wa matar makanike almakashin. "Riƙe, ƴata. Idan farcensa ya sake fitowa ke za ki rage masa, kan kawai. In zai yi fushi ya yi da ke. Ke kina da mutane cike da ɗaki."

Daga baya ya lura da wani abu. Idan ya zauna ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya, tsuntsun yakan sauko sannu a hankali, daga labule zuwa kan gado, daga gado zuwa kafaɗarsa, ya shiga tsintar gemunsa. Haka Baba yake zama yanzu kowace safiya, hannu ya yi tsami, ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba.

Ran nan matar makanike ta leƙo ta gilashin taga ta gan shi haka.

"Baba, lafiya ka zauna kamar wanda aka ɗaure?"

Bai juyo ba. Ya amsa ƙasa-ƙasa, "Yi a hankali, ƴata. In ya ga hannuna tashi zai yi."