Lambatun Bayan Gidanmu

Har yau idan na ji warin ɗanyen siminti, bayan gidanmu na unguwar Rikoto a garin Zuru nake tunawa, da kakata zaune a kan turmi tana sauraren masu haƙa.

A lokacin Zuru ta fara cika. Sojojin da suka yi ritaya suna ta dawowa gida, kowa na gini, gonakin dawa suka koma ɗakuna. Da damina, ruwan da ke gangarowa daga dutse sai ya haɗu da na wanka da wanke-wanke, ya kwanta a ƙofar gidaje har ya yi kore. Ƙanwata ta kwanta jinya sau biyu a damina ɗaya. Don haka da aka ce za a ja babban lambatu ta unguwarmu, kowa ya yi murna, har da mu.

Wataƙila ba ka san al'adarmu ba. A da, idan dattijo ya rasu, kusa da gida ake binne shi, a jera tukwanen yumɓu a kan kabarin. Tukwanen su ne shaida. Kakana yana kwance a bayan gidanmu tun kafin a haife ni. Amma da babana ya dawo daga soja ya riƙe coci sosai, sai ya kwashe tukwanen, ya ce Allah ya san inda bawansa yake. Ruwan sama ya share tudun, aka shuka kuɓewa a wurin.

Kakata ba ta yi faɗa ba. Abu ɗaya take roƙo, a kwantar da ita a gefensa. Takan ce mutumin da ya yi shekaru yana yi wa mahaifinta noma kafin a ba shi ita, bai kamata ya kwana shi kaɗai ba.

Ran da igiyar awon ma'aikatan lambatun ta ratsa cikin kuɓewar, babana ya fita ya yi musu bayani. Shugabansu ɗan Ribah ne, ya san al'ada. Ya cire hula, ya ce a nuna masa wurin, zai karkata aikin.

Babana ya taka nan, ya taka can. Ya ce kusa da ɗorawa ne, alhali an daɗe da sare ɗorawar. Aka riƙo kakata, idonta ya riga ya yi rauni. Ta jima tsaye tana laluben ƙasa da sandarta.

"Ɗana," ta ce, "ni da tukwanen nake gane shi."

Ma'aikatan sun jira har rana ta take, sannan suka bi igiyarsu. Babana bai bar bakin ramin ba, yana duba kowane shebur na ƙasa. Ba a ga ƙashi ba. Ba mu sani ba ko ta gefensa aka wuce, ko ta kansa, ko kuwa ƙasa ta riga ta cinye shi. Aka zuba siminti.

Kakata ta rasu bayan girbi. Aka kai ta maƙabartar coci, can bakin gari, tsakanin mutanen da ba ta sani ba.

Lambatun ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Ruwa ya daina kwanciya, zazzaɓi ya ragu. Yanzu shaguna ne a kansa, da mai shayi da mai cajin waya, kuma ruwan dattin unguwa duka ta nan yake bi. Amma babana, har ya rasu bara, bai taɓa zuba ruwan wankansa a ciki ba. Da tsufansa yake ɗaukar bokiti, ya zagaya ta ƙofar gaba ya watsa a titi. Yanzu ni nake ɗaukar bokitin. 'Ya'yana suna tambaya me ya sa, ni kuwa ba ni da wurin da zan nuna musu.