Albasar da Ba Ta Shiga Miya

A shekarar korona ina zaune a unguwar Madinat Khalifa ta arewa a birnin Doha, a wani gida da aka yayyanka da katako ɗaki-ɗaki aka zuba mu a ciki. Ɗalibi ne ni a lokacin, ina digiri na uku a fannin sinadarai, kuma tun da aka taƙaita shiga ɗakin gwaje-gwaje aikina ya koma zama gaban kwamfuta da buɗe firji ina rufewa. Abu ɗaya na fi kowa da shi a gidan: taga. Ɗakina ne kaɗai rana ke leƙowa da hantsi, sauran sai ƙwan lantarki.

Maƙwabcina wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, mai aikin kula da shuke-shuke a wani otal na bakin teku. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Dokta, duk da na sha gaya masa ban gama ba. Hausarsa irin ta mutanen zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Mota shi ne, rana shi ne, matarsa ma in yana ba da labarinta "ya ce" ne.

Wata rana a watan Nuwamba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, takunkumi a haɓa, leda a hannu. A cikin ledar wasu manya-manyan albasa ne guda biyu, kowacce ta fi dunƙulen hannuna, da busasshiyar saiwa a gindi kamar gemun akuya.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Dama tawa ta ƙare, wake nake son dafawa."

Ya janye ledar da sauri. "Kai, Dokta! In ka ci wannan sai asibiti. Fure ne."

Ya ce otal ɗinsu ne ya yi odarsu daga Turai don adon ƙarshen shekara, sai ga shi babu baƙi, aka ce ma'aikata su kwashe. Sunan abin amarilis. Ɗakinsa ba haske, shi ya sa ya kawo mini. Ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta mini dokoki: tukunya ƙarama mai huda a gindi, wadda ta ɗan fi albasar faɗi kaɗan. Kada a binne ta duka, a bar kafaɗa da wuya a waje. A ba ta ruwa sau ɗaya, sannan a fita harkarta har sai ta yi toho.

"Sau ɗaya kawai?"

"Sau ɗaya. Khalas, shi ke nan."

Ni kuwa a raina na ga rowa a wannan tsari. Mutum yana ƙasar da ko dutse ƙishi yake ji, a ce shuka ta sha ruwa sau ɗaya? Sai na yanke shawarar yin gwaji irin na masu ilimi. Ɗaya na shuka yadda Baba ya ce. Ɗayar na samo mata bokiti, na binne ta sosai, na zuba taki, na riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Har suna na ba su a kwamfuta: ta Baba da ta kimiyya.

Bayan mako biyu Baba ya zo aron dutsen guga. Ya tsaya, ya sauke takunkumi, ya shinshina.

"Dokta, wa ya mutu a ɗakinka?"

Bai jira amsa ba, ya nufi bokitin ya cusa yatsu. Abin da ya zaro ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar gwanda. Ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Shinkafa ka shuka ne?"

Na fara bayani a kan zafin ƙasar da saurin bushewar ruwa. Ya saurara har na gama, ya gyaɗa kai cikin girmamawa, ya ce lallai karatu abu ne mai kyau, sannan ya tambaye ni ina kwandon shara.

Ta Baba kuwa, wadda na yi watsi da ita, kwana uku bayan nan ta fito da wani ɗan koren harshe daga wuyanta. Daga nan ba ta sake tsayawa ba. Kara ya miƙe, mai kauri kamar rake, kansa a kumbure. Na sayo rula. Kowace safiya bayan salla sai in auna in rubuta, wani lokaci in tarar ya ƙaru da gaɓar yatsa a kwana ɗaya. Da na lura yana karkata wajen taga kamar mai leƙen maƙwabta, Baba ya ce in riƙa juya tukunyar kaɗan-kaɗan kullum, in kuma nisanta ta da iskar esi. Ruwa sai na cusa yatsa na ji ƙasar ta bushe.

Ranar wata Juma'a na nuna wa mahaifiyata a waya. Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika gilashin.

"Ana ci?"

"A'a, Inna."

"Magani ne?"

"A'a. Fure yake yi."

"In ya yi furen fa?"

"Sai a kalla."

Sai ta ce Allah ya kawo ƙarshen wannan annoba, don ta ga zaman ɗaki ya fara taɓa mutane.

A watan Janairu ciwon ya kama ni. Bai yi tsanani ba, zazzaɓi ne da ciwon jiki da rashin jin ƙamshi, amma manhajar korona da ke wayoyinmu ta juya daga kore zuwa ja, aka ce in kulle kaina a ɗaki. Ban taɓa sanin ɗakin nan ƙarami ba ne sai a kwanakin. Matata tana Zariya da ciki, ban gaya mata gaskiyar yadda nake ji ba. Nakan kwanta in ƙirga layukan silin, in tashi in zauna, in sake kwanciya.

Kullum da azahar Baba zai ajiye kwano a bakin ƙofa, ya buga sau biyu, ya koma ɗakinsa. Shinkafa da wake ce irin tasu, wadda suke dafawa da karan dawa ta yi ja, da yaji baƙi mai kifi. Sai ya yi magana ta katakon da ya raba mu, wanda dama ko atishawa ba ya tarewa.

"Dokta, ya buɗe?"

Ba ya tambayar jikina sai ya fara tambayar furen. Na gane dabararsa daga baya: dole in tashi daga gado in je taga kafin in ba shi amsa. In ya ji takuna, ya san da sauran ƙarfi.

A kwana na shida kumburin ya tsage. Washegari fure biyu suka buɗe, bayan kwana biyu wasu biyun, kowanne ya kai tafin hannu, ja wur, suna fuskantar kusurwa huɗu kamar lasifikan masallacin Juma'a. Na zauna a ƙasa ina kallo har shayina ya huce. Na tura wa Baba hoto, na ji dariyarsa ta katako.

"Yana da ƙamshi?" na tambaya. "Ni hancina ba ya aiki."

"Ba ka yi asarar komai ba. Wannan kyau kawai Allah ya ba shi."

Da furannin suka yanƙwane, na yanke karan kamar yadda ya ce, na bar ganye. Ganyen nan dogaye kamar bel su ne suke ciyar da albasar, in ji shi, don haka duk bazara na yi ta hidimarsu. Sai da Agusta ta zo ya kawo wata sabuwar doka: a daina ruwa gaba ɗaya, a bari ganye ya bushe, a ciro albasar a ajiye ta wata biyu a wuri mai sanyi da duhu.

Wannan kam na kasa. Shukar da ta zauna da ni ina jinya, in hana ta ruwa a watan da ko takalmi narkewa yake a titin Doha? Na ce masa to, na ci gaba da ba ta a ɓoye. Sanyin shekarar ya zo ya wuce, ta ba ni ganye takwas kore shar, fure ko ɗaya babu. Baba ya shigo ya ƙirga ganyen ɗaya bayan ɗaya, ya taya ni murna, ya ce in na ƙara ƙoƙari baɗi zan iya buɗe gonar latas.

"Wanda bai yi barci ba, ba ya tashi aiki," in ji shi yana fita. "Ko kai haka ne."

A watan Maris na shekarar da za a buga kofin duniya a nan ƙasar, Ghana ta je har Abuja ta hana Nijeriya zuwa gasar. Tun daga ranar na rasa sukuni a gidan nan. Baba bai taɓa yi mini dariya kai tsaye ba. Sai dai ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ina buƙatar ya riƙa ba ni labarin yadda cikin filin wasa yake, tunda mu ba mu da abin da zai kai mu. Ya ce kada in damu, in Ghana tana wasa zai ara mini riga.

Da Agusta ta zagayo, shi da kansa ya zo ya ɗauke butar da nake ban ruwa da ita. Ya ce bana furen nan na Ghana ne, kuma a ranar wasansu na farko zai buɗe. Ganye ya bushe, muka ciro albasar, muka karkaɗe ƙasa, muka sa ta a jakar takarda. Wuri mai sanyi da duhu a gidan nan ɗaya ne: aljihun ƙasa na firjin kicin, wanda mutum tara suke amfani da shi. Baba ya kori tuffar wani ɗan Sudan daga aljihun, ya ce iskar tuffa tana kashe furen tun yana ciki. Ni kuma na rubuta a jikin jakar da Hausa da Larabci da Turanci cewa wannan ba albasa ba ce, guba ce. Duk da haka sau biyu ina tarar da ita an buɗe an leƙa.

A tsakiyar Oktoba muka mayar da ita tukunya da sabuwar ƙasa. Baba ya yi lissafi da yatsu, mako shida, ya ce daidai ke nan. Sai albasa ta yi zamanta. Mako ɗaya, mako biyu, ba motsi. Kullum in ya dawo aiki sai ya tsuguna gabanta ya ce, "Yalla, yalla," kamar direban bas a go-sulo. Sai a mako na uku ta ga dama ta fito da harshe.

Gari ya cika da baƙi, jirgin ƙasa ya cika da ganguna da fuskoki masu fenti. Ghana ta yi wasan farko ta sha kashi, furen yana rufe. Baba ya ce ai kunya ya ji. Suka ci Koriya, ya shigo da rawa, ya duba, har yanzu a rufe. Ya ce to, zagaye na biyu yake jira, fure ne mai hangen nesa. Ranar Juma'ar wasansu na uku ya samu tikiti, ya sa riga mai tauraro, ya ɗauki 'yar tuta mai sandar roba ya nufi filin wasa na Wakra tun bayan masallaci. Uruguwai ta ci su biyu, aka fitar da su.

Na kwana biyu ina tanadin maganganun da zan rama da su, tun na watan Maris. Amma Baba ba ya fitowa sai in zai tafi aiki, kuma ko rediyonsa ban ji ba. Ni kuma kallon ƙwallo ya ɗauke mini hankali, na kwana huɗu ban juya tukunya ba. Ranar Litinin da safe na tarar furen ya fara buɗewa, karan ya karkata wajen taga, nauyin kan yana neman kifar da tukunyar. Na tallafe shi da hannu ɗaya, na buga katako da ɗayan.

"Baba! Ya buɗe, amma zai faɗi!"

Ya shigo da singileti, ya duba, ya dube ni, ya fita. Sai ga shi da 'yar tutar nan. Ya fara ƙoƙarin zare ƙyallen daga sandar, ya ƙi fita. Ya yi tsaki, ya soka sandar a gefen tukunya nesa da albasar, tuta da komai, ya ɗaure karan da igiyar wani tsohon takunkumi.

Muka ja baya muna kallo. Jan fure a sama, tutar Ghana a ƙarƙashinsa tana ɗan kaɗawa da iskar esi.

Na ce, "Baba, ashe ta'aziyya ya zo yi."

Ya tsura wa tutar ido. Can kafaɗunsa suka fara rawa, ya zauna a bakin gadona yana dariya har da share ido.

"Ko ba komai mu mun zo an kore mu," in ji shi. "Ɗora mana shayi, Dokta. Kuma ka sa sukari irin na mutanen da suka buga kofin duniya."