Duwatsun Jigida a Tayar Tirela

Wata Asabar a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, na dawo daga rijiya da bokiti a ka, na tarar da maza uku durƙushe a ƙarƙashin tirelar babanmu, a filin da ke bayan gidanmu a Tudun Fulani. Kowa na shafa taya kamar ungozoma na duba ciki. Akwai Baba, direban motar. Akwai Ndagi mai faci, mutumin Bida, wanda rumfarsa ke bakin titi. Na ukun kuwa Ticha Luka ne, maƙwabcinmu, malamin kimiyya a wata sakandare, ya fito da singileti da tabarau. Abin da ya tara su shi ne irin cin da tayoyin baya suka yi. Ba su suɗe bai ɗaya ba kamar yadda taya mai mutunci ke yi, sun yi tudu da kwari ne, nan sumul, can da sauran zane, kamar ɓera ya bi su da gaigaya. Ban sauke bokitin ba sai da wuyana ya ƙage, domin ban taɓa ganin fuskar Baba cikin damuwa haka ba.

Motar ba tamu ba ce. Ta wani Alhaji ce mai fataucin doya, Baba yana kai masa kaya Legas ta hanyar Bida da Mokwa, ya dawo da abin da aka ɗora masa. Alhajin ya riga ya sayi sababbin tayoyi, ya kuma aiko da saƙo mai gajeren kai: idan waɗannan ma suka lalace kafin lokacinsu, Baba ya kawo makulli. A gidanmu wannan makulli shi ne tukunya, shi ne kuɗin makaranta, shi ne burodi da kwakwa da Baba ke shigowa da su yana ƙamshin man dizal. Ni kuma shi ne darajata a filin makaranta, inda ake kirana 'yar mai tirela, ake ba ni fara jefa dutse a wasan carafke ko da ba layina ba ne. Tsofaffin tayoyin motar ma suna da aiki a gidan. Ɗaya ce bakin rijiyarmu, ɗaya kaji ke ƙwai a ciki, ɗaya kuma mu ke naɗewa cikinta idan ana wasan ɓuya, mu fito baƙi ƙirin Inna ta tare mu da soso.

A wannan safiyar na fara jin kalmar balansin. An buɗe wani shago a hanyar Bosso mai injin da ke juya tayar mota, ya nuna gefen da bai kai nauyi ba, a manna masa ɗan guntun darma. Tambayar Baba ɗaya ce: tayoyin bayan tirela su ma suna buƙatar wannan hidima ko kuwa? Ndagi ya ce sam. "Oga direba, tayar gaba ce liman. Na baya bi kawai suke yi. Ka taɓa ganin an gyara wa mamu karatu?" Ticha Luka ya gyara tabarau ya ce duk abin da ke juyawa, ko fankar cocinsu ce, idan gefe ɗaya ya fi nauyi dole ya yi rawa, kuma taya ba ta san a gaba take ko a baya ba. Baba mutum ne mai ladabi, saboda haka yakan yarda da wanda ya yi magana a ƙarshe. Da ya gaji da yarda da su biyun, ya je wurin mai injin. Mai injin ya dubi girman tayar, ya dubi ƙofar shagonsa, ya yanke hukunci cewa ba ta buƙata.

Ni ruɗanina ya fi nasu. A aji an koya mana ma'auni mai faranti biyu, irin na mahauta, inda ake ɗora nama a nan, ƙarfe a can. Na kasa gane yadda abu zagayayye zai yi gefe, balle gefen ya fi wani nauyi. Na tambayi malamin ajinmu, ya ce ba zai fito a jarrabawa ba. Na gangara da faifan Inna a tsakar gida, ya tafi daidai. Na liƙa masa ƙullin tuwo a baki ɗaya na sake gangarawa, akuya ta cinye tuwon kafin in ga sakamako, ni kuma na sha ranƙwashi. Har a gona, muna bin Inna muna rufe kan tsibin doya da busasshiyar ciyawa, ina ta tunanin ko taya ta san inda take.

Sai wata yamma Ticha Luka ya shigo zaure da sauri. Wani ɗan'uwansa da ya taɓa aiki da Turawa masu yin titi ya gaya masa cewa a ƙasashensu ba a wahalar da manyan tayoyi da inji. Ƙananan duwatsu masu santsi ake zubawa a ciki, idan mota ta ɗauki gudu su watsu da kansu zuwa gefen da ba shi da nauyi. Baba ya juya a hankali ya dubi ƙofar cikin gida. A duk Tudun Fulani ba wanda ya kai Inna tara ƙananan duwatsu masu santsi, domin sana'arta ke nan, shirya jigida tana sayar wa amare, ni kuma mai zura mata zare bayan na gama wanke-wanke.

"Malam, jigida fa ka ce? A taya?" Abin da Inna ta iya faɗa ke nan, ta maimaita shi har ya daina zama tambaya. Amma ita ma ta san abin da makullin yake nufi. Ta fito da na kalar da amare suka daina so, shuɗi da ruwan goro, ta ba ni reza in tsinke zaren in zazzage a kwano. Ta rufe da faifai ta ɗaure da tsumma, ta ce idan na kuskura na buɗe a titi kowa ya gani, in nemi wata uwar. Haka na ɗauka zuwa rumfar Ndagi ina tafiya kamar mai kai abincin suna.

Ndagi bai canja ra'ayi ba, amma bai ƙi aiki ba. Matsalar ita ce tayoyin lokacin duk masu tiyub ne, wato robar ciki mai riƙe iska, duwatsun kuwa sun ƙi bi ta bakin hura iskar. Ndagi ya ce ai da ciki da kusa da ciki duk ɗaya ne, a zuba su tsakanin tiyub da taya. Ticha ya yi ɗan tunani ya ce kimiyya ba ta hana ba. Ya ƙara da cewa a yi wa ɓangaren hagu kaɗai, a bar dama yadda yake, don a samu abin kwatantawa. Ni na riƙa auna duwatsun da gwangwanin madara ina miƙawa, ina jin kaina babbar ma'aikaciya.

Baba ya tashi da lodin doya, muka bi motar da gudu har bakin titi. Ba a kai Mokwa ba tayoyin hagu suka fara sacewa ɗaya bayan ɗaya, domin duwatsun na gilashi ne, sun niƙe tiyub kamar dutsen niƙa. Doyar ta kwana ta yini a rana a gefen hanya har ta fara wari. Da mai facin can ya buɗe taya a gaban direbobin da suka tsaya jaje, sai ga shuɗi da ruwan goro na zuba a ƙasa. Kafin Baba ya iso Minna, sunansa ya riga shi isowa: Mai Jigida. Alhaji bai yi faɗa ba, hannu kawai ya miƙa.

Na ɗauka yanzu aƙalla za a san amsa. Ina! Ndagi ya ce ga shi an gani, an taɓa tayar baya ta yi fushi. Ticha ya ce ba a ga komai ba, tunda gwajin bai yi nisan da za a yanke hukunci ba. Sabon direban da aka ba motar shi ma tayoyinsa suka yi tudu da kwari, hagu da dama, aka sallame shi. Wasu suka ce ƙarfen da ke riƙe tayoyin ne ya lanƙwashe, wasu suka ce ramukan hanyar Bida ne, wasu lodi ne ya yi yawa. Kowa yana da hujja, kowa kuma yana rantsuwa.

Baba ya koma tuƙa tasi tsakanin Bosso da Kpakungu. Nama ya ragu a miya, burodin Legas ya yanke, a makaranta aka mayar da ni layi kamar kowa. Sai dai kullum magariba yana gida. Ya fara binmu gona, ya san sunayen ƙawayena, na gano cewa mutumin nan ya iya ba da labari har da kwaikwayon muryoyi. Idan Inna na share hawaye a madafa nakan taya ta, da Baba ya shimfiɗa tabarma kuma in manta dalilin kukan. Ban san ko masifa ce ta same mu ko sa'a ba.

Yau tireloli sun yi layi a gefen garin nan, yawancin tayoyinsu ba tiyub, kuma ana sayar da irin waɗancan duwatsu a leda, an yi su musamman don taya. Ashe Ticha bai yi ƙarya ba, ya dai riga zamani ne da kayan Inna. Duk da haka, na tambayi direbobi a Maitumbi, rabi sun ce dole ne, rabi sun ce ɓarnar lokaci ce. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai ji ko wanne ba, kuma har ya tsufa idan an kira shi Mai Jigida yakan amsa. Amsar ba ta zo ba, amma duwatsun nan sun dawo mana da shi gida, kuma da za a sake ba ni zaɓi, ina jin zan sake auna duwatsun.