Ƙyauren Gidan Mai Fenti

A unguwarsu ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Mai Fenti kowa ke ce masa. Tun yana saurayi yake riƙe da burushi, har furfura ta cika masa kai. A gidan mutane ba ya wasa da aiki: sai ya kankare tsohon fenti, ya goge da samfefa, ya share ƙura, sannan ya shafa sabo.

A gidansa ne labari ya sha bamban. Duk sanda ya dawo da ɗan ragowa a gindin gwangwani, zuciyarsa ba ta yarda ya zubar. Sai ya tsaya a bakin ɗaki ya lafta wa ƙyauren, ba kankara ba guga. Yau na mai, wata mai zuwa na ruwa, ja a kan shuɗi, kore a kan ja. Matarsa takan ce, "Malam, ƙyauren nan ya fi ni yawan sutura."

Da shekaru suka tafi, fentin ya fara kumbura yana zubowa ɓawo-ɓawo. Bai damu ba, sai ranar da 'yarsa ta kawo jikarsa mai rarrafe. Ana cikin hira ta ga bakin yarinyar kore shar. Ta sa yatsa ta zaro ɓawon fenti, ta goya 'yarta.

"Baba, ba zan ƙara kawo ta ba sai an gyara ƙyauren nan."

"Amaryar tawa za ki hana ni gani?"

"Ba wasa nake yi ba, Baba."

Washegari ya sayo fenti mai kyau, don sauri ya shafa a kai haka nan. Kafin ya bushe duk ya yamutse, sabon ya ɗago tsohon. Ya ja tsaki, ya ƙara shafi na biyu. Wannan kam da farce ya taɓa, ya biyo hannunsa kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

"Da gidan wani ne, haka za ka yi?" in ji matarsa tana wucewa da tsintsiya.

Ya ajiye burushin. Ya cire ƙyauren, ya kwantar da shi a tsakar gida, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya kama kankara. Wani wurin fentin na faɗowa da kansa, wani wurin ya kafe kamar da shi aka halicci katakon. Wuƙa ta zame ta yanke shi a yatsa. Bayansa ya riƙe. Yana yi yana ƙunƙuni, yana gane kowane launi: wannan na shagon tela ne, wancan na gidan direba, duk yanzu sun taru suna rama masa.

Mako ya zagayo kafin ya ga katako. Ya goge, ya shafa, ya bari ya bushe sosai, sannan ya aika wa 'yarsa.

Ta zo, ta karci ƙyauren da farce sama da ƙasa. Fentin bai motsa ba. Ta sauke yarinyar, Mai Fenti ya durƙusa yana buɗe hannuwa. Jikar tasa ta wuce shi da rarrafe, ta nufi tsohon kabad ɗin kwanoni, wanda shi ma ya sha ragowar gwangwani.

Uwarta ta sure ta, ta mayar baya.

"Saura wannan, Baba. Da tagogi."

Matarsa ta miƙo masa wuƙar kankara.