Ranar da Sojan Ƙarfe Ya Yaga Mana Taru

Waɗanda ke bakin ruwa a safiyar nan ban manta ko ɗaya ba. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Akwai surukinsa, mijin jikata, ɗan Yelwa mai gyaran babur. Akwai ƙanen marigayi mijina, shi ne mai taru, yana can cikin kwalekwale. Sai magidanta da samarin unguwarmu da suka zo gayya, da mai shagon caji, wanda ke zuba wa mutane fim a waya. Shi bai zo ja ba, bakinsa kawai ya kawo. A bayana kuma mata uku ne da manyan robobi, muna jiran kifi. Jikata ba ta nan, tana ɗaki tana jego, amma don ita aka fito.

A ƙauyenmu, nan kusa da Wara, in yarinya ta dawo gida haihuwar fari, mai taru yakan ba ta ja ɗaya. Ja ɗaya tak, ba a ƙarawa. Duk abin da Allah ya kawo a wannan jan nata ne, ba a raba wa masu ja, ba a cire na mai taru. Da shi ake miyar suna, a banda saura ta riƙa shan romo har ta gama wanka. Ni aka yi mini, aka yi wa 'ya'yana mata, ban taɓa ganin an ji kunya ba.

Na fi matsuwa da wannan jan fiye da na kowa, don ina da dalili. Dangin mijin yarinyar mutanen gari ne. Ranar biki gwaggonsa ta dubi tsakar gidanmu ta ce, "To, Allah Sarki, ashe nan za mu riƙa zuwa." Da murmushi ta faɗa. Na ji, jikata ma ta ji, tun daga ranar take tafiya a gidansu kamar mai taka ƙwai. Jibi suna, motarsu za ta iso cike da mata. Abin da muke da shi wanda ba su da shi kifi ne, na kuwa yi niyyar su ci har su ƙulle a gefen zane.

Ga wanda bai taɓa ganin jan taru ba, abin ba wuya. Kwalekwale yakan bar igiya ɗaya a gaɓa, ya shiga ruwa yana zuba taru, ya zagayo ya fito da ɗaya igiyar can nesa. Mutane su rabu biyu, kowane ɓangare ya kama tasa, su riƙa ja da baya sannu sannu, suna matsowa kusa da juna. Sharaɗin ɗaya ne: igiyoyin nan biyu su zo tare. Shi ya sa ake raba ƙarfafa, a sa wasu nan wasu can. Mai taru yana tsayawa a bayan tarun cikin kwalekwale, in ya ga wani gefe ya yi gaba sai ya ɗaga musu filafilin tuƙinsa su dakata. Kuma wurin janmu hanya ce guda da iyayenmu suka share. Daga arewa da ita kututturan itatuwan tsohon garinmu ne da ruwan dam ya ci, suna nan ƙasa tsaye har yau. Yaron da aka yaye jiya ma ya san wannan.

Mai taru yana can yana zuba taru, na ji hayaniya ta tashi a cikin maza. Wani ya ce soja. Wani ya ce wata ta ƙarar da gari guda ita kaɗai. A shekarun nan in ka ji irin wannan magana ba ka tsayawa tambaya, sai ka fara tunanin inda yaranka suke. Na matsa na ce, "Ina ne? Wane gari?"

Mai caji ya tuntsire da dariya. "Inna, kwantar da hankalinki, fim ne."

Ashe tun a shagonsa suka faro ta. Wai akwai wani soja da aka ƙera da ƙarfe a wata duniya can bayan taurari, hannunsa huɗu, ba ya ci ba ya barci. Akwai kuma wata mace da likitoci suka sauya wa jini, in ta ga dama sai ta zama hayaƙi. Gardamar ita ce, in an haɗa su faɗa wa zai kayar da wani. Na tambaya ko sun taɓa haɗuwa. Aka ce a'a, fim ɗin ma ba ɗaya ba ne. Wato mutane biyu da babu su, waɗanda ko a cikin ƙaryar ma ba su san juna ba, su ne suka hana magidanta duba ruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda ke jagorantar masu soja ɗana ne. Mutum da furfura a gemu, wanda aka haifa wa jika a satin nan. Wanda ke jagorantar masu mace kuwa surukinsa. Yaron nan a da in ya hango ɗana sai ya cire takalmi ya durƙusa, ko ruwa ba ya sha a gabansa. Ga shi yau tsaye, hannu a sama.

"Baba, ka yi haƙuri, amma ta ina zai kama ta? Hayaƙi ce fa!"

"Hannu huɗu, yaro. In ta kuɓuce wa biyu, biyu na jiran ta."

"To in cajinsa ya ƙare?"

"Wanga da rana shika caji, kamar sola."

"Sai ta bari sai damina, Baba, ranar da hadari ya haɗu."

Samari suka sa ihu. Wani dattijo, maƙwabcinmu, wanda na ɗauka ya fi ƙarfin wannan, ya ce ai hayaƙi ba abin tsoro ba ne, matarsa kullum cikinsa take a bakin banda, ko tulu aka kifa wa matar fim ɗin nan ta gama yawo. Wani yaro ya ce a jefa sojan cikin tabkin nan kwana kaɗan a gani in bai yi tsatsa kamar tsohon kwano ba. Ɗana ya ce ba irin ƙarfenmu ba ne. Na dube shi na ce, "Kai, ka taɓa taɓa shi ne?" Ya ce, "Inna, ba za ki gane ba." Ni da na wanke masa kashi.

Ana cikin haka kwalekwale ya fito da igiya ta biyu, mai taru ya miƙa ta, ya juya ya koma bayan tarunsa. Bai san abin da ake ciki ba. Nan ne mai caji ya yi abin da har gobe ban yafe masa ba. Ya tafa hannu ya ce, "Mi na na na dogon zance? Masu soja ku kama ta arewa, masu mace ku kama ta kudu. Wanda ya riga kawo tasa gaɓa shi ya ci!"

Kafin in buɗe baki sun rabu. Kuma ba rabon hankali ba: samari kusan duka suka bi macen, don fim ɗinta ne sabo, dattawa da masu ciwon baya suka bi soja. Na ce, "Ku tsaya! Ba haka ake rabo ba!" Matan da ke bayana ma suka ɗaga murya. Wa zai ji mu? Mijin jikata ya waiwayo yana dariya ya ce, "Kaka, yau za ki ga kifi da wuri." Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama igiya.

Ba ja suka yi ba, gudu suka yi da baya. Igiyar kudu ta riƙa fitowa tana tsiyaya kamar ana zare ta daga rijiya, ta arewa kuwa da ƙyar take motsi, dattawa na nishi suna kiran sunan Allah. Ina ganin 'yan robobin da aka ɗaura a bakin taru suna yawo a kan ruwa, waɗanda ya kamata su tsaya kamar bakin ƙwarya, suka karkace suka zama kamar lauje. Mai taru ya miƙe tsaye cikin kwalekwale yana ɗaga filafili, yana kaɗa shi, yana buga ruwa da shi. Har hularsa ya cire ya kaɗa. Ba wanda ya dube shi, kowane ɓangare ɗaya ɓangaren yake kallo. Na sauka har ruwa ya kai mini gwiwa, na kama rigar wani yaro, ya fizge bai ma san wa ya riƙe shi ba.

Da dattawa suka ga ana cin su, sai suka yi dabarar da ta ƙarasa mu. Maimakon su matso kudu kamar yadda ake yi, sai suka ja da baya suka nufi arewa, wai can ƙasa ta fi tauri, ƙafa za ta fi kamawa. Tarun ya bi su ya hau kan kututture.

Yagewar taru ba ta da ƙara. Igiya ce kawai take mutuwa a hannu. Samarin nan suka zube a kan juna, ƙafafu sama. Na ga saman ruwa ya yi fari da kifi, karfasa da ƙawara suna tsalle suna bin ɓarakar, har da wani ƙaton kifi, ragon ruwa, da na ga bayansa sau ɗaya ya nutse. Su kuwa samari suka tashi suna kakkaɓe yashi suna ihu, "Ta ci! Hayaƙi ta ci!" Mijin jikata har da rawa. Rawa, a kan abincin matarsa.

Abin da aka kwaso bai rufe gindin roba ɗaya ba.

Mai taru ya fito gaɓa. Ya ɗaga tarun, ɓarakar ta isa saniya ta wuce. Sai ya dube ni ya ce, "Yaya, kin gani da idonki. Ɗinkin wanga sai bayan suna. Kuma ja ɗaya ne, kin fi ni sani." Na ce na sani. Ban roƙe shi ba, ba shi ya yi mini laifi ba. A lokacin ne ihun ya mutu. Mai caji na neme shi na rasa, ya sulale.

Da na koma gida jikata na zaune bakin gado, jariri a cinya, an gama mata wankan safe jikinta na tururi. Ta dubi robar, ta dube ni. Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kaka, ki bari. A yi musu miyar kuka haka nan. Da ma abin da suke tsammani ke nan." Ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaron hula da ba ta karkace ba.

Na fito in ɗebi ruwa, sai na ji murya ƙasa ƙasa a zaure. Ɗana ne da surukinsa. Na ɗauka haƙuri suke ba juna ko shawarar yadda za a yi. Na kasa kunne. Ɗana ke cewa, "Ai ba a yi adalci ba, ɓangarenku ya fi yawa. Da an raba daidai da kun ga soja." Yaron ya ce, "Haka ne, Baba, amma ko a daidai ɗin..."

Na shiga da buta a hannuna. Duk suka miƙe. Na ce wa ɗana, "Kai, tuwon gidan nan yau na masu jego ne da masu hankali. Sojanka ba ya ci ba ya sha, ka bi sahunsa." Na juya ga ɗayan na ce, "Kai kuma je ka gaya wa gwaggonka da bakinka abin da za ta ci jibi." Ya durƙusa, yanzu ya tuna da durƙuso. Na wuce na bar shi a nan.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauki robar nan mafi girma na fita. Ba roƙo na fita ba. Na san duk wanda ya kama igiya, na kuma san kusan kowane gida akwai banda a bayan ɗaki. In na yi sallama matar gida ko uwar gida ta fito, sai in ce, "Naki yana cikin masu ja jiya. Na zo karɓar kifin jikata." In ajiye roba in tsaya. Ba wadda ta tambaye ni bayani, labari ya riga ni shiga. Wata ta zuba tana zagin mijinta, yana ciki yana ji. Wata ta ce ɗanta ya rantse shi a hankali ya ja, na ce to ta zuba a hankali. Gidan mai caji ba su da banda, sai na sa uwarsa ta kamo mini zakara.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ce sa'ata, tare muka yi 'yan matanci a tsohon gari. Ta kwaso karfasa masu kyau ta zuba, sannan ta matso ta rage murya ta ce, "Ke, nawa wane ɓangare ya bi?"

Na ce, "Soja."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Yawwa. Ai hannu huɗu ba wasa ba ne."

Na dube ta tun daga ɗankwali har ƙafa. Sannan na zagaya bayan ɗakinta da kaina, na ɗage tabarmar da ta rufe banda, na ƙara kwasar na biyu, na ɗora robata a kai na nufi gida in hura wuta.