Maɓalli Za Ta Kwana a Shago

Shekara ashirin da shida Gwaggo Tela tana taka keken ɗinki a shago ɗaya. Ɓera ya taɓa cinye mata yadin mutane, shi ya sa ba ta zama babu mage. Ta yanzu sunanta Maɓalli, baƙa wuluk da ɗigon fari a goshi. Tare suke zuwa shago, tare suke komawa gida.

Magenta ta farko da hannunta ta kashe ta, ba da gangan ba. Ta ji jikin magen da zafi, ta ɓantari farasitamol ta murje mata a madara kamar yadda take yi wa yara. Kwana biyu magen ta mutu. Sai daga baya ta ji ashe ƙwayar guba ce ga mage. Tun daga nan ta daina jiran ciwo. Duk shekara tana kai Maɓalli allurar rigakafi lafiyarta ƙalau, ga maganin tsutsa da na ƙuma a kan lokaci.

Mai wankin da ke kusa da ita ba ya barin ta wuce bai tsokane ta kan magen ba. "Gwaggo, an kai auta asibiti?"

"An kai. Kai yaushe rabonka da likita, da wannan tarin naka?"

Sai matar ɗanta ta samu ciki, bayan shekara biyar ana jira. Ɗan ya samu Gwaggo tana saka zare a allura.

"Umma, magen nan ta bar gidan. An ce kashinta yana taɓa ciki."

"In ji wa?"

"A waya na gani."

"Wayar ce za ta kama min ɓera?"

Bakinta ne kawai ya faɗa. Ta taɓa tabbatar wa kanta abu, ta ga inda ya kai ta. Washegari ta ja ɗan har wurin likitan dabbobi, ta baje katin rigakafi a tebur, ko shekara ɗaya babu tsallake.

Likitan ya duba ya jinjina kai. "Mama, kin yi ƙoƙari. Amma wannan cutar allura ba ta tare ta. Wajen cin ɓera mage ke ɗauka. Mai ciki kada ta taɓa kashin, ko ƙasar da take yi a ciki."

Ɗan ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. "Na ji. Ba sai ka ƙara gishiri ba."

Da yamma ta zuba wa Maɓalli ruwa da abinci, ta ajiye mata sabon yashi a tsohon faranti, ta ja ƙofar shagon ta sa kwaɗo. Kukan yana biyo ta ta ƙasan ƙofa. Ta ɗan tsaya, sannan ta tafi.

A gida ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta leƙa ɗakin surukarta.

"'Yata, me bakinki yake so yau?"